Kawu Mai Feshi da Ƙwayoyin da Suka Ƙi Mutuwa

Shekara talatin Kawu yana kashe kyankyasai. Tankin feshi a baya, tsumma a hanci, in ya shiga ɗakin girkin mutane ya fito, sai dai a zo da tsintsiya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Shi ya kai ni sakandare, ni na dawo da kaina daga aji uku.

Bara ya fara kasa hawa bene da tanki. Dasashi na zubar jini, jiki duk tabo kamar wanda ya sha duka. A asibiti aka huda ƙashin ƙugunsa aka zuƙo ɓargo. Sankarar jini ce.

Likitar, wata doguwa mai gilashi, ta juyo mana da takardar gwaji. Ta ce kowace ƙwayar jini da ranar mutuwarta, amma miyagun da ke jikin Kawu sun tara wani furotin da ke hana su mutuwa. Yawansa ya nuna ciwon zai yi gardama. Saboda haka za a ba shi maganin da ke toshe furotin ɗin.

"Kawu, ashe taurin kan naka har cikin ɓargo," na ce.

"Rufe min baki, ɗan aji uku." Ya dubi likita. "'Yata, na gane. Irin kyankyasan da suka saba da guba ne. Na san halinsu."

Da ma mun tambaye shi abin da ya sani ɗin.

A sana'arsa, in ƙwari suka ƙi mutuwa, ƙarfin haɗi ake ƙarawa. Sai ya ninka ƙwayoyin maganin a ɓoye, kwana tara. Inna, matarsa, ba ta ankara ba sai da ta tsince shi a banɗaki, jiki kamar garwashi, kwalbar magani ta kusa ƙarewa.

"Baba, ka kashe har da ƙwayoyin jinin da ke kare ka," in ji likita. "Yanzu ko mura za ta iya kayar da kai. Dole a tsayar da maganin."

"Har yaushe?"

"Sai jininka ya farfaɗo."

"Su kuma waɗancan, jira za su yi?"

Ta gyara gilashi. "Ba sa jira."

Yau kwana sha ɗaya da tsayar da maganin. Yana wani ɗaki shi kaɗai, sai mun rufe hanci da baki muke shiga. Kullum da safe a ɗibi jini, ni kuma in tsaya a tagar ɗakin gwaji ina zolayar mai ba da sakamako, ko Allah zai sa ya miƙo lamba mai kyau. Lambar ko motsi. Inna ta daina tambayata, fuskata kawai take dubawa.

Ɗazu Kawu ya kamo hannun rigata. Riƙon babu ƙarfi.

"Kai ne mai baki. Je ka roƙi likita. Ko rabin ƙwaya ne ta ba ni, kada su hayayyafa."

Na bi ta har bakin bene ina magiya, har da durƙuso a gaban mutane. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce a'a.