Jar Mota Mai Ƙofa Biyu

Ni ba ɓarawo aka haife ni ba. Ubana ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Da boko ya gagare ni, sai ya kai ni garejin Oga Bitrus a Makera. Hannuna na da kyau a inji, kowa ya shaida.

Shekarar da soja suka koma bariki, gari ya cika da motocin Kwatano, yaran 'yan siyasa kowa na kaɗa makulli a yatsa. A lokacin na gan ta: ja, 'yar Japan, ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Na sayar da babur ɗina, na kwashi adashi, na saye ta. Oga Bitrus ya zagaya ta ya ce, "Kai yaro, in wannan ta yi tari, ina za ka samo mata magani?" Dariya na yi.

Kai, na sha daɗi! Ran Lahadi bayan coci in sauke gilashi, in saka kaset, har Unguwar Mu'azu yara na bi na da gudu. Mama sau ɗaya ta shiga, da ƙyar muka zaro ta. Ta ce, "Wannan mota ce ko ramin ɓera?" Har yau ina jin kukan injin nan a kunnena.

Damina ɗaya ramukan titi suka gama da ita, kayan gyaranta kuwa ko a Panteka babu. Irinta guda ce a wajenmu, ta wani ma'aikacin gwamnati ɗan Filato, Baba Dung, kuma garejinmu yake kawo ta. Da fulogi na fara: in cire nasa mai kyau, in saka masa nawa matacce, in shafe da baƙin mai. Sai famfon mai. Kullum ya miƙo mini na shan ruwa ya ce, "Ɗana, Allah ya yi albarka."

Na ƙarshe kayan birki ne. A gangaren Mahuta Baba Dung ya taka birki bai ji komai ba, ya afka kwalbati, ya rasa ƙafa ɗaya. Da aka kwance motar, Oga Bitrus ya gane ɗaurin waya irin nawa, don shi ya koya mini. Da kansa ya kai ni wajen 'yan sanda, yana hawaye.

Ƙuruciyata a kurkuku ta ƙare. Da na fito na je neman gafara, na tarar da Baba Dung zaune, sandunansa a jingine. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Na yafe. Amma ai da ka tambaya, da na ba ka ita gaba ɗaya. Madam ɗina ta dame ni wai babu wurin zaman yara."

Samari, ba wa'azi na iya ba. Abin da ba za ku iya riƙewa da guminku ba, ku kalle shi ya wuce. In kuma ya zama dole, ku buɗe baki ku roƙa. Ni kunyar roƙo na ji, ban ji kunyar sata ba.