Kan Iya a Tsefe

Umma mai kitso ce, duk unguwar Jakara an san hannunta. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, kasuwa ta buɗe mata fiye da kima. Matan sababbin kansiloli, waɗanda jiya-jiya muke layin famfo tare, su suka cika mana tsakar gida a ƙarshen azumi, kowacce da mota tana jira a bakin titi. Ni ce mai tsifa da wankin kai, don haka a idona aka yi komai.

Iya, mahaifiyar Umma, tana unguwar Kabara ita kaɗai a ɗakinta. Tun da Umma ta iya kitso, Iya ba ta ƙara yarda wani hannu ya taɓa mata kai ba. Gashin ma furfura ce 'yar kaɗan, amma kowace Sallah sai 'yarta ta je ta zauna, ta ɗora kan a cinya, suna yi suna hira.

Da na kai mata kunun buɗa-baki, na tarar ta tsefe kan da kanta, ta wanke, ta shafa mai.

"Ƙawata, ki ce wa uwarki na tsefe."

"Iya, wa zai kalle ki ranar Sallah? Kawo in kitsa miki."

"Da wannan hannun naki na maƙera? Jeki dai ki faɗa mata."

Na faɗa. Umma ta ce gobe. Washegari matar ciyaman ta zo da ƙannenta, aka sake cewa gobe. Haushin Umma na ji sosai, har yau kuma bai gama sakina ba, ko da yake na san da kitson nan take ciyar da mu tun rasuwar Baba.

Ranar jajibiri ta tura ni in ce sai an sauko Idi. Iya ta ja ɗankwali ta rufe kanta, ta ce, "To, Allah ya kai mu." Ranar ba ta tsokane ni ba.

Da safiyar Sallah, mutane na wucewa masallaci da kabbara, maƙwabciyar Iya ta faɗo gidanmu ko takalmi babu. Iya ta rasu bayan asuba.

Ina ɗakin lokacin da tsohuwar da ke wankan gawa ta gama, ta ce saura a kitse gashin gida uku yadda ake yi wa mata. Ta kai hannu, Umma ta riƙe ta.

"Bari, Gwaggo. Ni take jira."

Ta zauna a ƙasa ta ɗora kan a cinyarta. Ta kitsa biyu da ƙyar. Na ukun ta kama ta warware, ta sake kamawa ta warware, tana cewa bai yi kyau ba. Maza suka yi ta sallama daga zaure, makara na jira. Sai da Gwaggo ta ɓamɓare yatsunta daga gashin, ta ƙarasa kitson da kanta.