Watan Haƙuri a Gaithersburg

Ana idar da sallar asuba na tayar da mota daga Landover, kusa da Washington, ni da maiɗakina da 'yarmu ta fari. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, kuma sai hantsi za a fara taron, amma zama ya gagare ni. Maiɗakina ta tambaye ni ko Makka za mu da wannan sammako.

Dalilin tafiyar shi ne, wata majami'a a bayan Gaithersburg ta gayyaci yarinyar ta yi jawabi ranar Lahadi. Uwar ƙawarta ta makaranta ce ke cikin masu tsara musu ibada. Tun da na ji zancen hankalina bai kwanta ba. Yarinya ta fara girma, ta rage magana da ni, in na yi mata Hausa ta mayar da Turanci, yanzu kuma ga majami'a. Tsoron da nake ji ɗaya ne: kada a ce ta fara barin addini ina nan ina tuƙa tasi ban sani ba.

Babban titin da ya kewaye Washington, wanda kullum yake cinye mini rai da cunkoso, ranar fayau yake. Muka ratsa Wheaton, shagunan 'yan Afirka duk a rufe, har wanda ke sayar mana da doya da tsada kamar daga Abuja aka ɗauko ta a jirgi. Muka fake a wani gidan shayi, aka ba ni ruwan zafi da 'yar jakar ganye, na biya ina ƙunƙuni. Yarinyar kuwa tana can kujerar gefe tana bitar takardarta, ta hana kowa leƙawa.

Majami'ar ta ba ni mamaki. Babu gicciye, sai kyandir guda a cikin kasko. Wata dattijuwa da ta tarbe mu ta ce a cikinsu akwai Kirista, akwai Bayahude, akwai wanda bai ma tabbatar da akwai Allah ba amma ba ya fashin zuwa. Kowane wata suna ɗaukar jigo guda su yi ta juya shi. A jikin allo na ga watan jiya godiya, na gobe shakka, wannan kuma haƙuri. Na ce a raina, wata guda kacal? Mu da muke yin sa tun daga haihuwa.

Na zauna a bakin kujera. Aka yi waƙa, aka yi shiru na ɗan lokaci, sannan aka kira 'yarmu. Ta gyara ɗankwalinta, ta yi musu sallama irin tamu, ta ce za ta koya musu kalma ɗaya ta gidanmu. Sai ga Turawa cike da ɗaki suna ta fama da “haƙuri”, ƙ ɗin ya ƙi fita.

Ta ce da kalmar nan muke ta'aziyya, da ita muke neman afuwa, da ita muke sallamar mai roƙo. Aka yi ta gyaɗa kai, ni ma har na fara jin daɗi. Sai ta ce da ita kuma ake rufe baki. Duk ranar da ta tambayi babanta wani abu mai wuya game da Allah, sai ya ce ta yi haƙuri, za ta gane in ta girma. Ta ce ta girma, tana sallarta, tana son addininta, tambayoyin kuma suna nan ba su je ko'ina ba.

Da aka tashi, mutane suka yi ta miƙo mini hannu da kofi da biskit, suna yaba mini tarbiyya, ni kuwa ƙofa kawai nake nema.

Muka kama hanyar komowa. Muka tsaya Wheaton muka sayi dafa-duka da soyayyar ayaba, ban iya ci ba. Da muka hau babban titi na dubi yarinyar ta madubi, na buɗe baki zan ba ta baki.

“Ki yi haƙ…”

Na haɗiye sauran. Maiɗakina ta kau da kai tana danne dariya. Na lalubi wata kalmar, na rasa. Da ƙyar na ce, “Ina jin ki.”

Sannan, cikin Hausarta mai ɗingishi, yarinyar ta ce, “Baba, in mutum yana tambaya, ya fita daga Musulunci ne?”

“A'a. Bai fita ba.”

Mun iso gida ana shirin azahar. Na je ne don in ga masu son ƙwace mini 'ya, na tarar ba wanda ya ja ta, wurin da za a saurare ta kawai ta samu. Bayan mun yi salla ba ta naɗe dardumarta ba. Ta jawo ta kusa da tawa, ta ce tana da tambayoyi guda uku, da wacce za ta fara.