Wuyan Dawisun Yayata

Mijin yayata, Allah ya jiƙansa, bai bar wata dukiya ba sai gona a wajen Minjibir da dawisu guda. Bayan rasuwarsa tsuntsun ya zame mata abokin hira, har tsufa ya kama shi shi ma.

Ran da ya kwanta yana shure-shure, maƙwabcinta ya ɗauko wuƙa don kada ya zama mushe. Ya fuskantar da shi alƙibla, ya yi bisimilla, ya yanka shi yankan kaza, har ƙashi. Da yamma ta kawo mini shi cikin tsohon zane, don mu gidan majema muka tashi.

"Ka tsayar mini da shi kamar yadda yake," in ji ta.

"Yaya, ai kyan dawisu a wuya yake, ga shi an raba shi biyu."

"To malam, ni ba wa'azi na zo ji ba."

Na fara cire dogayen gashin wutsiya, na jera su a tabarma bi da bi. Na tsaga daga ƙirji zuwa ƙasa, na zare fatar a hankali kamar ana tuɓe wa jariri riga. Bagaruwar da muke jima da ita tana baƙanta gashi, saboda haka gishiri da alif, irin na tace ruwa, na goga a ciki. Na ɗaure ciyawa da zare daidai girman jikin, na lulluɓe ta da audugar rimi, na soka waya a ƙafafu da wuya. Idanu kuwa duwatsun wata tsohuwar sarƙa na sa.

Wuyan ne ya wahalar da ni. Inda jini ya ɓata sai da na yanke, na ɗinke bakin biyu, na kwantar da gashi a kan ɗinkin. Ya gajarta, babu yadda zan yi.

Da ta zo ta daɗe tana kallo.

"Wannan ai agwagwa ce ta ari riga."

Ta durƙusa, ta kama kan da yatsu biyu, ta lanƙwasa wayar gefe, yadda yakan karkata in ya ji muryar maigidan a zaure.

"Yauwa," ta ce. "Ɗauko mini shi, mu tafi gida."