Na Hana Shi Gurnani

Yayana ya rasu a tsakiyar damina, a gonarsa ta Muchalla. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, sai fartanya da wani baƙin kare mai yankakken kunne. Da aka gama zaman makoki na ce Mama ta dawo gidana a Nassarawo, ta ce ƙafarta ƙafar karen. Haka muka shigo Mubi a bayan akori-kura, igiyarsa a hannunta.

Ni malamin makaranta ne, kuma ina da zuciya, wannan ko 'yan ajina sun sani. Karen kuwa bai ɗauke ni a bakin komai ba. In na gifta kusa da kwanonsa sai ya ɗage leɓe ya yi gurnani. Matata ta daina sakin yaranmu biyu a tsakar gida, ta ce ko ya gyaru ko ya bar gidan. Na san in ya tafi, Mama ba ta da sauran wani abu mai numfashi na yayana.

Maƙwabcinmu tsohon ɗan sanda ne, kowa Saje yake ce masa. Shi ya leƙo ta katanga.

"Ticha, kare kaman kurtu ne, sai ya san waye oga. Ka ci abinci kafin shi, ka shiga ƙofa kafin shi. In ya yi gurnani, ka danne shi a ƙasa ka ba shi bulala. Sati uku ya isa."

Mama tana ɓarar gyaɗa a inuwa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ɗan'uwanka bai taɓa dukansa ba," in ji ta. "Gurnani magana ne. Yana ce maka tsaya a can, sai ka tsaya."

"Mama, a gidana kare zai ce mini in tsaya?"

Na bi ta Saje. Kullum in na taso daga makaranta sai in ajiye masa abinci, in miƙa hannu in janye kwanon. Ya yi gurnani, in danne wuyansa da gwiwa in zane shi. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, haushi nake ji. Haushin yayana da ya ƙi zuwa asibiti sai da abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, haushin karen da yake yini yana kallon ƙofa yana jiran mutumin da ba zai shigo ba. Mama takan tashi ta shige ɗaki in na ɗauko bulalar.

Sati uku kuwa ya isa. In na ce kwanta, sai ya zube. In na ɗauke kwano daga bakinsa, ko uffan. Har Saje na kira ya zo ya gani, ina ta baza haƙora. Mama ta ce, "Ya yi shiru, amma duba idonsa." Na yi dariya.

Wata Lahadi da muka dawo daga coci, rana ta take, Mama ta sunkuya za ta matsar masa da kwano zuwa inuwa. A da in ta yi haka yakan yi gurnani, ta dakata, ta yi masa magana da yarenmu na Kamwe har ya saki jiki. Ranar bai yi ba. Ihunta kawai muka ji, ya kama mata wuyan hannu har ƙashi.

An ɗinke ta a asibiti, aka yi mata allurai. Likitan dabbobi ya ce a ɗaure karen kwana goma a ga ko hauka ne. Lafiyarsa lau. Kwana goman nan Mama ce ke ba shi abinci da hannun hagu, tana roƙona.

"Ba laifinsa ba ne. Da ya yi magana da na ji."

Na san gaskiya take faɗa. Amma ƙaramar 'yata shekararta uku, fuskarta daidai bakinsa take, kuma yanzu ba wanda zai san lokacin da ya kamata ya tsaya. Na aika Muchalla, ba wanda ya yarda ya karɓi karen da ya ciji uwar gidansu.

Da safe na kai shi wurin wani maharbi a tsallaken kogi don ya harbe shi. Ya ce in riƙe shi da kyau kada ya yi tsalle. Na ce ba sai an riƙe ba. Na ce wa karen kwanta, ya kwanta, jikinsa yana rawa, yana kallona. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan safiyar ba.

Da na dawo Mama ba ta tambaye ni inda na kai shi ba. Ta ce in nema mata motar gida cikin satin nan, tunda ba abin da ya rage mata a Mubi. Ni ma ɗanta ne, kuma ina tsaye a gabanta lokacin da ta faɗa.