Kam ne, ba Kim ba

Mun tashi da asuba daga Kumasi, ni da goggona, muka kama hanyar Tamale. Ba biki ya kai mu ba, suna muka je tambaya.

Mahaifin Goggo ɗan Koriya ne, ma'aikacin jirgin kamun kifi a Tema. Ya koma ƙasarsu tana goye, bai bar mata komai ba sai sunan gidansu, wanda mahaifiyarta ta ce Kam ne. Tun tana yarinya 'yan zango ke tsokanarta: "Ni kam, ke kam, wannan ma suna ne?" Masu ilimin waya kuma suka ce a Koriya Kim ake da shi, uwarta ce ta ƙirƙiro don rufa asiri. Wannan maganar ta fi komai ci mata rai. Da muka ji akwai wata 'yar Koriya da ke koya wa manoma aikin shinkafa a Tamale, ta ce sai ta je.

Hanya ba laifi har Techiman, daga nan ramuka suka fara gaisawa da ƙugunmu. A Kintampo doya ta yi tsadar da na tambayi mai ita ko da mota ake haɗawa. A gadar Yapei na sayi soyayyen kifi, Goggo ko kallonsa ba ta yi ba.

Tamale garin babura ne. Na ga dattijuwa da mayafi tana tuƙi, jika a baya, akuya a gaba, ba wanda ya waiga sai ni baƙauya. Muka sauka wurin dangi a Tishigu, aka cika mu da tuwo da naman zabo. Washegari mai keke ya kai mu unguwar Jisonayili, yana cewa da Hausarsa ta zango, "Matan Chaina ɗin? Na san shi, yana nan bayan masallaci."

Matar ta karɓe mu da fara'a, ina fassara daga Turanci. Da ta ji sunan ta ce, "Kim?"

Goggo ta gyara zama. "Gaya mata Kam na ce. Uwata ba ta ƙarya."

Matar ta maimaita a hankali, sai ta tafa hannu: "Gam!"

"Gam kuma?" in ji Goggo. "Na liƙe takalmi?"

Na kasa riƙe dariya. Matar ta bayyana cewa harafin farkon sunan a bakinsu yana tsakanin ka da ga, shi ya sa wasu ke rubuta Gam, wasu Kam, wasu Kahm, duk gida ɗaya. Ta ce masu sunan kaɗan ne ƙwarai, kakanninsu daga Sin suka shigo, kuma ma'anarsa zaƙi. Ta ƙara da cewa mai ƙirƙira Kim zai ɗauko, don shi kowa ya sani.

Goggo ta rangaɗa guɗa a falon mutane, hawaye na zuba. Ni ma na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

A dawowa ta cinye min kifi, ta ba duk motar labari har direba ya haddace. Na koyi cewa in abu ya tsaya maka a rai, ka taka ka je wurin masu shi ka tambaya. Mun isa gida da la'asar, kafin ta shiga ɗaki ta sa na raka ta maƙabarta. Ta tsaya a kan kabarin mahaifiyarta ta ce, "Inna, gaskiya kika faɗa."