Baba Tsada da Koriyar Fitila

Shekara ashirin da shida ya yi yana kula da inji guda a wata ƙaramar tashar wutar lantarki, tsohon inji mai zuƙar mai. A da, daga ofishin rabon wuta ake bugo masa waya a ce ya tayar ko ya rage, har a tambaye shi iyali.

Sai kamfani ya kawo sabon tsari. Aka kafa wa kowace tasha na'ura mai magana da na maƙwabta. Kowace ta faɗi kuɗin da wutarta za ta ci, su sasanta a tsakaninsu: mai araha ta fara, mai tsada ta jira. Injinsa ya koma ƙarshen layi. Abokan aiki suka laƙaba masa Baba Tsada.

Wata goma sha ɗaya ba a neme shi ba. Kullum sai ya goge injin, ya duba mai, ya zauna gaban fitilar da za ta yi kore in an buƙace shi. Sau biyu masu gyara suna haɗa waya su kunna ta, su laɓe suna kallonsa yana gudu da gwiwarsa mai ciwo.

"Haba Baba, ai motsa jini ne," in ji babbansu, yana share hawayen dariya.

Wata Talata da rana tsaka babbar tashar da ke ba garin wuta ta tsaya, fitilar ta kama da gaske. Ya dube ta, ya ce, "Yau dai ba ku samu ba," ya ci gaba da cin abincinsa. Minti shida. Rabin gari ya rasa wuta.

A gaban kwamitin bincike ya faɗi gaskiya. Aka kira babban masu gyara.

"Ranka ya daɗe, wane wasa kuma? Tsufa ne kawai. Mun daɗe muna rufa masa asiri."

Aka sallame shi. Matarsa ta daina dafa masa ruwan gashin gwiwa.

Bayan wata uku aka sayar da injin ga masu tsohon ƙarfe. Suka kasa kwance shi, aka aika a kira Baba Tsada aikin yini guda. Ya zo da kayan aikinsa. Ya nuna musu kowane noti, har wanda ke ɓoye a ƙarƙashi, yana cewa su bi a hankali. Ba wanda ya saurare shi. Suka kawo wutar walda suka yanka injin.